Kogin Lantarki a Saman Kwoi: Aikin Masu Binciken Yanayin Sararin Samaniya

Duk wanda ya tashi a gidan da ake sauraron rediyo, a Kwoi ko Kafanchan ko ƙauyukan da ke kewaye da su, ya san wani hali na akwatin rediyo. Da rana tsaka, in aka murɗa shi a matsakaicin zango, tashoshi kaɗan ne suke shigowa. Amma da zarar rana ta faɗi, sai akwatin ya cika da muryoyi daga nesa: ga Faransanci, ga Larabci, ga waɗansu harsuna da ba wanda ya san su a gidan. A gajeren zango kuma, inda iyayenmu suka saba kama Rediyo Kaduna da Sashen Hausa na BBC, murya takan yi ƙarfi, ta dusashe, ta sake dawowa, kamar mai maganar yana matsowa yana ja da baya. Wani lokaci ma sai ta ɗauke ɗungurungum da rana tsaka, mai rediyo ya yi ta bubbuga akwatinsa yana zargin batir.

Sau da yawa batir ba shi da laifi. Abin da ya sauya yana can sama, nesa da gajimare, a wani ɓangare na iskar da ta lulluɓe duniya wanda rana take juya shi dare da rana. Akwai mutanen da aikinsu ke nan tun daga ƙuruciya har tsufa: auna wannan ɓangare na sama, da gano yadda rana take taɓa shi. Ana kiran fagen nasu binciken yanayin sararin samaniya. Ya dace ɗalibin kudancin Kaduna ya san wannan aiki, domin saman da ke bisa kansa yana cikin wuraren da masanan duniya suka fi son aunawa, kuma har yanzu ba a auna shi yadda ya kamata ba.

Sama bisa sama

Iskar da muke shaƙa ba ta tsaya a kan duwatsun Kagoro ba. Tana ci gaba da hawa, tana raguwa a hankali, har ta ɓace. Hadari da ruwan sama da hazon hunturu duk suna faruwa ne a ƙasa da kilomita 16 ko makamancin haka. Jirgin sama na fasinja yana tafiya a tsayin kilomita 10 zuwa 12. Wannan shi ne yanayin da muka sani, wanda manomin citta yake dubawa kafin ya yi shuka.

Daga wajen kilomita 60 zuwa sama, labari ya sauya. Kowane abu a duniya, har da iska, an yi shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda ake kira ƙwayoyin zarra. Kowace ƙwaya tana ɗauke da waɗansu 'yan mitsi-mitsi masu cajin lantarki, sunansu elektiron. A can sama, hasken rana mai ƙarfi, irin wanda ba ya isowa ƙasa, yana dukan ƙwayoyin iska ya fizge musu elektiron. Ƙwayar da ta rasa elektiron ana ce mata ayon. Daga wannan kalma aka samo sunan wurin gaba ɗaya, wato ayonosfiya. Tana farawa daga wajen kilomita 60, ta kai kusan kilomita 1,000. Saboda iskar wurin tana ɗauke da caji, lantarki yana iya gudana a cikinta, kuma tana iya tanƙwara saƙon rediyo ta dawo da shi ƙasa.

Ta hanyar rediyo aka gano ta. A 1901 wani mutumin Italiya, Guglielmo Marconi, ya aika saƙo daga Ingila aka karɓa a Newfoundland, a ƙetaren tekun Atlantika. Masana suka yi mamaki, domin saƙon rediyo a miƙe yake tafiya, duniya kuwa a kewaye take. A 1902 Arthur Kennelly da Oliver Heaviside, kowa a nasa ɓangare, suka ce lalle akwai wani rufi a sama da yake dawo da saƙon. Edward Appleton na Ingila ne ya tabbatar da haka da gwaji a 1924, kuma aka ba shi kyautar Nobel a 1947.

An kasa ayonosfiya hawa uku. Na ƙasa shi ne D, daga kilomita 60 zuwa 90. Na tsakiya E, daga 90 zuwa 150. Na sama F, inda elektiron suka fi yawa. Hawa na D yana shanye saƙon matsakaicin zango kamar yadda yashi yake shanye ruwa, amma da rana kaɗai yake wanzuwa. In rana ta faɗi sai ya watse, saƙo ya wuce zuwa hawa na sama, ya dawo ƙasa a wuri mai nisa. Dalilin cikar akwatin rediyo da dare ke nan.

Halin rana

Tsakaninmu da rana akwai kilomita miliyan 150, kuma haskenta yana isowa cikin minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi. A idonmu kullum ɗaya take. A na'urar hangen nesa kuwa ana ganin baƙaƙen tabo a fuskarta, waɗanda suke yawaita su ragu. Wani Bajamushe mai suna Heinrich Schwabe ya shafe shekaru yana ƙirga su, a 1843 ya sanar cewa suna bin zagaye. Yanzu an san zagayen yana ɗaukar kimanin shekara 11. Wanda muke ciki shi ne na 25 a lissafin masana; ya fara a Disamba 2019, ya kai ganiyarsa a 2024.

A nan sai an yi gargaɗi. A lokacin hunturu, in hazo ya yi kauri, rana takan fito kamar farin faifai, har mutum ya ga kamar zai iya zuba mata ido. Kada a yi haka, ko da hazo ko babu. Hasken da ke lalata ido yana ratsa hazon.

Daga rana kullum akwai wata iska ta ƙwayoyi masu caji da ke busowa, gudunta kimanin kilomita 400 a daƙiƙa ɗaya. Ana ce mata iskar rana. A lokacin da tabo suka yi yawa, rana takan yi wata irin walƙiya mai tsanani. Haskenta yana isowa cikin minti takwas, ya ƙara wa hawa na D kauri, sai gajeren zango ya ɗauke a duk ɓangaren duniya da ke cikin rana a lokacin. Wani lokaci kuma rana takan cillo wani ƙaton curi na iska mai caji. Shi yakan yi kwana ɗaya zuwa uku a hanya. In ya doshi duniya, sai ya girgiza maganaɗisunta. Wannan ita ce guguwar maganaɗisu.

Ba a jin wannan guguwa a jiki, ba ta kuma kwashe rufin ɗaki. Na'urori take taɓawa. A ranar 1 ga Satumba 1859, Richard Carrington na Ingila ya ga walƙiyar rana da na'urarsa. Washegari wayoyin tangaraho suka rikice a Turai da Amurka, waɗansu har suna tartsatsi. A ranar 13 ga Maris 1989, wata guguwa ta kashe wutar lantarki a lardin Quebec na Kanada har kimanin awa tara. Guguwar ƙarshen Oktoba 2003 ta lalata manyan taransifoma a Afirka ta Kudu, abin da ya nuna cewa nahiyarmu ma ba ta tsira ba. A Fabrairu 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin ɗan'adam 49, wata guguwa wadda ba ma babba ba ce ta ɗumama iskar sama ta kumbura, kusan 40 daga cikinsu suka rikito suka ƙone. A Mayu 2024 kuma, ana tsakiyar shuka, manoma da yawa a Amurka suka ajiye taraktocinsu masu aiki da GPS, domin na'urar ta kasa faɗin inda suke daidai.

Kogin da ke bisa kanmu

Yanzu mu dawo gida. Duniya kanta maganaɗisu ce, shi ya sa allurar kamfas take nuna arewa. In aka rataye allurar yadda za ta iya sunkuyawa, a ƙasashen arewa kamar Ingila kanta na arewa zai duƙa ƙasa sosai. A Afirka ta Kudu kuma ɗaya kan ne zai duƙa. Tsakanin biyun akwai wani layi da ya zagaye duniya, inda allurar take kwanciya daidai, ba ta duƙa ko'ina. Sunansa ikwaitar maganaɗisu.

Kada a haɗa ta da ikwaitar da ke cikin taswira, wadda ta bi ta Gabon da Uganda da Kenya, kudu da Nijeriya. Ikwaitar maganaɗisu ba a miƙe take ba. A Afirka ta Yamma ta karkato arewa, ta ratsa arewacin Nijeriya tsakanin digiri 10 da 12 a arewa da ikwaitar taswira, kuma tana matsawa kaɗan-kaɗan da shekaru. Kwoi tana kan digiri 9 da rabi, wato kudu da layin kaɗan.

Ga abin da ya sa wannan layi yake da muhimmanci. Da rana, zafi yana motsa iskar sama, iskar kuma ta ja ƙwayoyi masu caji ta gitta da su cikin maganaɗisun duniya. Haka janareto yake samar da wuta: motsi a cikin maganaɗisu. To a kan ikwaitar maganaɗisu, da yake maganaɗisun a kwance yake, lantarki yana samun sauƙin gudu daga yamma zuwa gabas fiye da ko'ina. Sai ya taru a siririyar hanya, faɗinta kimanin kilomita 600, a tsayin kimanin kilomita 105. A 1951 masani Sydney Chapman ya sa masa suna elektirojet. Mu a nan za mu ce masa kogin lantarki.

Kwoi tana ƙarƙashin wannan kogi. Kai, garin Kaduna ma ya fi shi nisa daga Kwoi. Yana tasowa bayan fitowar rana, ya cika ya batse wajen tsakar rana, ya janye da yamma. Lokacin da mata suke shanya citta a kan fako, kogin yana wucewa ta bisa kansu, ba sauti, ba haske. Ma'aunin maganaɗisu ne kaɗai yake jin sa. Ƙarfin maganaɗisun duniya a Nijeriya ya haura nanotesla 30,000, kogin kuwa yakan ƙara masa kimanin 100 da tsakar rana. Wannan ɗan ƙari shi ne masu bincike suke bi. A tashar Huancayo ta ƙasar Peru, wadda aka buɗe a 1922, aka fara lura da shi. Wani lokaci kuma kogin yakan juya ya yi yamma na 'yan awanni. A Addis Ababa aka fara kula da wannan a shekarun 1960, kuma har yau ana muhawara a kan dukan dalilansa.

Kada a raina irin wannan bincike. Shirin sararin samaniya na Indiya daga nan ya faro. An zaɓi ƙauyen masunta na Thumba ne saboda yana kusa da ikwaitar maganaɗisu, kuma rokar farko da aka harba daga can a Nuwamba 1963 ta tafi nazarin iskar sama ne.

Ƙarfin da ke tura kogin yana yin wani aiki kuma. Yana ɗaga elektiron na hawa na F sama, kamar ruwan da aka watsa da tiyo, sai su gangaro gefe biyu su taru a wajen digiri 15 arewa da kudu da layin. A ɓangarenmu, tulin arewa yana kan Sahara, na kudu yana kan tekun Gini. Bayan faɗuwar rana kuma, ƙasan hawa na F yakan rikice, manyan kumfa marasa elektiron su taso sama. Sun fi yawa daga magariba zuwa tsakar dare, musamman a watannin Maris, Afrilu, Satumba da Oktoba.

Waɗannan kumfa su ne abokan gabar GPS. Taurarin GPS suna can a tsayin kimanin kilomita 20,200, kuma dole saƙonsu ya ratsa ayonosfiya kafin ya iso wayar hannu. Elektiron suna rage masa gudu, abin da kan jawo kuskure na mitoci da dama. In saƙon ya faɗa cikin kumfa sai ya yi ta rawa, har na'ura ta rasa tauraron gaba ɗaya. Mai neman hanya a kasuwar Kafanchan ba zai damu da wannan ba. Amma safiyo mai auna iyakar gona, da matuƙin jirgin da ke shirin sauka a Abuja ko Kaduna da dare, su kam mita biyar ba wasa ba ce gare su.

Waɗanda suka share hanya

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun shekarun 1950 ake auna ayonosfiya da maganaɗisun duniya a Kwalejin Jami'a ta Ibadan. Farfesan fiziks na wurin a lokacin shi ne Norman Alexander, mutumin New Zealand, wanda daga baya ya zama shugaban farko na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962. Wani matashi mai suna Cyril Agodi Onwumechili, haifaffen 1932 a yankin da yanzu yake jihar Inugu, ya yi aiki tare da shi, kuma a 1959 suka wallafa sakamakon awon maganaɗisu na Ibadan. Onwumechili ya zama farfesa yana da shekara 30, ya shugabanci Jami'ar Ife daga 1979 zuwa 1982, amma bai saki kogin lantarki ba. A 1997 ya fitar da babban littafi a kansa, wanda masu bincike a duniya suke komawa gare shi har yanzu. Ya rasu a 2023. Kusan shekara 40 ke tsakanin takardarsa ta 1959 da littafin, duk a kan abu guda.

Daga cikin waɗanda suka biyo sawunsa akwai Farfesa Francisca Nneka Okeke ta Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka. Ita ce mace ta farko da ta shugabanci sashen fiziks a jami'ar. A 2013 ta karɓi kyautar L'Oréal da UNESCO ta mata masana kimiyya, saboda bincikenta a kan yadda lantarkin iskar sama yake sauyawa a kullum. Ɗaliba da aka ce mata fiziks na maza ne, ga amsa nan. Akwai kuma Farfesa Babatunde Rabiu, darakta na farko na Cibiyar Binciken Iskar Sama da aka kafa a 2013 a Anyigba, jihar Kogi. Cibiyar reshe ce ta hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, wadda aka kafa a 1999. Su ukun, Onwumechili da Okeke da Rabiu, sun taɓa wallafa bincike tare a 1998. Haka ilmin yake tafiya, daga hannu zuwa hannu.

Yadda aikin yake

Wanda ya ji an ce binciken sararin samaniya zai zaci shiga roka ne. Mafi yawan masu wannan aiki ba sa barin ƙasa. Kayan aikinsu manya guda uku ne. Na farko ma'aunin maganaɗisu, wanda ake binnewa a ƙasa yana rubuta ƙarfin maganaɗisu kowace daƙiƙa ko kowane minti. Na biyu ayonosonda, wata na'ura mai harba saƙon rediyo sama kai tsaye, ta jira ya dawo, daga lokacin da ya ɗauka ta gane tsayin hawa da yawan elektiron da ke cikinsa. Jami'ar Ilorin ta sami ta zamani a 2010. Na uku na'urar karɓar saƙon GPS ta musamman. A nan an mai da cuta magani: tunda elektiron suna jinkirta saƙon, in aka auna jinkirin sai a san yawansu.

Na'urorin ba sa barci, saboda haka alƙaluma suna taruwa kamar ƙasa. Ma'aunin da ke rubutu kowane minti yana ba da awo 1,440 a rana, fiye da rabin miliyan a shekara. Aikin mai bincike na farko shi ne tankaɗe. Mota ta wuce kusa da na'ura, ko wani ya jingina keke a wurin, ko tsawa ta faɗi, duk za su bar alama a cikin alƙaluma, kuma dole a bambanta su da abin da ya fito daga sama. Bayan haka sai ya raba ranaku. Masana suna da ma'auni na duniya mai suna Kp, daga 0 zuwa 9, wanda yake nuna yawan girgizar maganaɗisu; guguwar Mayu 2024 ta kai 9. A kowane wata ana fitar da ranaku biyar da suka fi kwanciyar hankali. Mai bincike yakan fara sanin halin saman garinsa a waɗannan ranaku, domin wanda bai san lafiya ba, ba zai gane ciwo ba. Sa'an nan ya ɗauko ranar guguwa ya gwada su.

Mu ɗauka wata ɗaliba mai neman digiri na biyu tana son ta san ko guguwar maganaɗisu tana ƙara yawan kumfa a saman Nijeriya ko tana rage su. Za ta zaɓi guguwa da dama daga shekarun baya. Za ta nemo alƙaluman iskar rana daga taurarin ɗan'adam, waɗanda ake samu kyauta a intanet, ta haɗa da na tashoshin ƙasa. Za ta rubuta shirin kwamfuta da harshen Python ko MATLAB domin ya yi mata lissafi ya zana mata sakamako. Mai yiwuwa ta tarar cewa a wata guguwar kumfa sun ƙaru, a wata kuma sun ɓace. Ba kuskure ta yi ba. An san cewa lokacin da guguwar ta iso, ko da rana ko da magariba, yana sauya abin da za ta haifar. Daga nan sai rubutu. Za ta aika takardarta ga mujallar kimiyya, waɗansu masana da ba ta san su ba su tantance, su dawo mata da ita da gyare-gyare, wani lokaci ma su ƙi ta. Takarda ɗaya takan ci shekara guda ko fiye.

Me ake yi da irin wannan sakamako? Akwai tsarin lissafi na duniya da ake amfani da shi wajen hasashen halin ayonosfiya, ana kiransa IRI a taƙaice. Tashoshin Turai da Amurka da Japan ne suka fi ciyar da shi da alƙaluma, shi ya sa yakan yi kuskure a sammai irin namu. Yawancin binciken da ake yi a Nijeriya gwada wannan tsari ne da awon gida, domin a gyara shi. Aiki ne marar ƙyalli, amma da shi ne wata rana za a iya gaya wa matuƙi ko safiyo cewa daren yau kada ya dogara da GPS kaɗai. Afirka ta Kudu ta riga ta yi nisa: tana da cibiyar hasashen yanayin sararin samaniya a garin Hermanus, wadda tun 2022 take aiki dare da rana.

Wahalar aikin a ƙasarmu ba a ɓoye take ba. Babu nahiyar da ikwaitar maganaɗisu ta ratsa doron ƙasarta da tsawo kamar Afirka, amma tashoshin awo kaɗan ne. Da yawa daga cikin na'urorin da ake da su ta hanyar haɗin gwiwa da ƙasashen waje suka zo, alal misali ma'aunan maganaɗisu da Jami'ar Kyushu ta Japan ta kafa a Ilorin da Legas da Abuja. Samun na'ura kuma ya fi riƙe ta sauƙi. Wuta ta ɗauke, batir ya mutu, tsawa ta ƙona waya, gara ta ci akwati. Abin takaicin shi ne, awon da aka rasa ba ya dawowa. In na'ura ta tsaya a daren babbar guguwa, an yi asarar wannan dare har abada, kuma irinsa mai yiwuwa sai bayan shekara 11 ko 20. A ganina, ma'aikacin da ke share faifan sola yana duba batir kowace safiya yana da rabo a cikin binciken daidai da mai digirin digirgir, ko da yake sunansa ba ya fitowa a takarda.

Hanyar shiga

Hanyar tana farawa daga ajin kimiyya na sakandare. Ana bukatar sakamako mai kyau a lissafi, fiziks, kemistiri da Ingilishi a jarrabawar WAEC ko NECO, sa'an nan JAMB. Digirin farko a fiziks shekara huɗu ne, kuma ana yin sa a jami'o'i na kusa, irin su Jami'ar Ahmadu Bello, Jami'ar Jihar Kaduna, Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero. Ƙwarewa a ayonosfiya a digiri na biyu da na uku take zuwa; jami'o'in Ilorin, Legas, Nsukka da Akure sun yi suna a kanta. A waje, cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 takan gayyaci matasan Afirka horo a wannan fage. In aka haɗa duka, daga shiga jami'a zuwa digirin digirgir, da wuya a yi ƙasa da shekara goma. Mafi yawan waɗanda suka gama suna koyarwa a jami'a suna bincike, waɗansu suna aiki a NASRDA ko a fannin sufurin sama, sadarwa da safiyo. Ba aikin tara dukiya ba ne, gara ɗalibi ya san haka tun da wuri.

Lissafi shi ne ƙashin bayan aikin, sai iya rubuta shirin kwamfuta, sai iya rubutu a fili da Ingilishi. Wanda ya taso a ƙauye yana da wata fa'ida da bai sani ba. Ma'aunin maganaɗisu ba ya son birni, domin motoci da wayoyin lantarki da ƙarafan gini suna dame shi. Fili mai shiru a bayan gari, irin waɗanda ke tsakanin Kwoi da Nok, ƙarƙashin kogin lantarki, shi ne irin wurin da ya dace da shi, in dai akwai wanda zai kula da shi.

Ɗalibi zai iya fara awo tun yau, da ƙaramar rediyo da littafin rubutu. Ya zaɓi lokaci uku: ƙarfe sha biyu na rana, ƙarfe shida na yamma, da ƙarfe tara na dare. A kowane lokaci ya zauna a wuri ɗaya, ya murɗa matsakaicin zango daga farko zuwa ƙarshe, ya ƙirga tashoshin da ya ji. Sa'an nan ya kama tasha ɗaya a gajeren zango, ya ba ƙarfin muryarta maki daga 1 zuwa 5. Ya rubuta kwanan wata da lokaci daidai, ya kuma rubuta in an yi hadari ko batir ya yi sanyi. Ranar da bai samu ya auna ba, ya bar gurbin fayau, kada ya cika shi da zato. Bayan wata guda ya zana abin da ya samu, ya kawo aji a gwada da na sauran ɗalibai.